Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano: a tattara tarihin Sinawan da suka zauna da mu tun masu ba da shi suna raye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaban hukuma da sauran ma'aikata. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a kan wani ɓangare na tarihin Kano da na ƙasar Arewa wanda yake salwanta a gaban idonmu, wato tarihin Sinawan da suka zo suka kafa masana'antu, suka yi kasuwanci, wasunsu har suka tsufa a tsakaninmu, tare da tarihin dubban 'yan ƙasa da suka yi aiki a ƙarƙashinsu ko suka yi gogayya da su a kasuwa. Na zaɓi in buɗe wasiƙar ga kowa domin maganar ta shafi Gidan Makama da Gidan Arewa na Kaduna da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ta kuma shafi su kansu Sinawan, amma ku na sa a gaba saboda ku ne gwamnatin jiha ta ɗora wa amanar adana abin da Kano ta gani.

Abin da ya tayar mini da wannan magana ƙarami ne. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, aka zo kwashe ɗakinta, sai ga jeren da aka yi mata tun na aure: langa da samira da fanteka da kwalla, masu zanen furanni ja da shuɗi, wasu fentinsu ya ɓare a baki, wasu kuwa kamar ba a taɓa zuba musu ruwa ba domin na ado ne. Babu wadda ta so su a cikin 'yan'uwana mata, tunda yanzu zamanin tangaran ne da kuloli, don haka aka kira ɗan gwangwan ya ɗora su a sikeli ya biya kuɗin nauyin ƙarfe. Ina tsaye ina kallo wani kawunmu, wanda ya haura shekara tamanin, ya ɗauki guda ɗaya ya juya gindinta ya ce irin waɗannan a nan ƙasar ake buga su, kuma 'yan Caina ne suka kawo injinan. Na tambaye shi su waye, yaushe suka zo, daga wane gari, sai ya ce shi dai ya san wani abokinsa da ya yi aiki a wurinsu, amma ya rasu. A nan maganar ta tsaya, kuma a nan take tsayawa a yawancin gidaje.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa Kano gari ne da bai taɓa ƙyale baƙonsa ya wuce ba tare da an rubuta zuwansa ba. Tarihin Kano da magabata suka bar mana ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, ya ambaci zuwan Fulani da littattafai a zamanin Yakubu, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa. Inda alƙalami bai kai ba, sunayen unguwanni sun riƙe: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Sharifai, da Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna tun kafin Bature ya karɓe wannan suna. Kwarori 'yan Labanan da Siriya da suka shigo a farkon ƙarni na ashirin, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga harkar gyaɗa, su ma malaman jami'a sun yi bincike a kansu, har kasuwar Kantin Kwari tana ɗauke da sunansu. Shi kansa Gidan Ɗan Hausa da kuke kula da shi, sunan baƙo yake ɗauke da shi, Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. To me ya sa Sinawa, waɗanda suka shafe fiye da shekara sittin a ƙasar nan, ba su da ko kusurwa ɗaya a ɗakunan tarihinmu?

Ina ganin dalili na farko shi ne yawancin mutane sun ɗauka jiya-jiya suka zo. Idan aka ce ɗan Caina, abin da ke zuwa wa matashin yau a rai shi ne wayar hannu mai arha, ko atamfar roba, ko injiniyan da ke shimfiɗa titin jirgin ƙasa irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Alhali zuwan Sinawa kashi-kashi ne, kuma na farkonsu sun riga hulɗar jakadanci tsakanin Nijeriya da gwamnatin Beijing, wadda aka ƙulla ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Waɗancan na farko masu masana'antu ne, da yawansu 'yan asalin Shanghai da kewayenta, waɗanda suka kwashe jarinsu da injinansu zuwa Hong Kong a lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949. Hong Kong a wancan lokaci tana hannun Ingila kamar yadda Nijeriya take, don haka kwanukanta da yadinta suna shigowa kasuwanninmu cikin sauƙi. Da aka zo samun 'yancin kai, gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan da ake shigowa da su domin a tilasta yin su a gida, sai waɗannan mutane suka ga gara su ɗauko injinan su biyo kasuwarsu. Ta haka kwanon da ke ɗakin mahaifiyata ya tashi daga kayan jirgin ruwa ya koma kayan gida.

Mafi shahara a cikinsu a Arewa shi ne Cha Chi Ming, wanda ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna a 1964, a yankin Kakuri, kusa da masaƙar gwamnatin Arewa da aka buɗe a 1957. Kamfanin nasa ya bunƙasa har ya zama cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ya yi rassa a wasu garuruwa, audugar manoman Funtuwa da Gusau ta samu inda za ta, kuma atamfarsa ta shiga lefen gidaje marasa adadi. A Kano kuma akwai iyalin Lee, waɗanda masana'antunsu suka daɗe suna fitar da kayan roba da silifa, irin wanda kusan kowane masallaci za ka tarar da shi zube a ƙofa. Cha ya rasu a 2007, kuma a wannan shekarar ce masaƙar tasa ta Kaduna ta rufe, dubban ma'aikata suka koma gida, kafin a sake buɗe ta a ƙarshen 2010. Mutumin da ya shiga wannan masaƙa yana saurayi ɗan shekara ashirin a farkonta, yau ya haura tamanin idan yana raye. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna muku cewa lokacin da ya rage mana bai da yawa.

Kashi na biyu su ne 'yan kasuwar da suka kwararo daga wajen shekarar 2000, bayan ƙasar Sin ta zama masana'antar duniya, kuma zamansu da mu bai zo da sauƙi ba. A daidai lokacin da masaƙunmu ke mutuwa saboda rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin yadi ta kan iyaka, sai ga yadin Sin ya cika Kwari, sannan ga masu shi sun biyo shi har cikin shaguna. A 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa da dama a kasuwar bisa zargin yin cinikin da takardunsu ba su ba su izini ba. A 2015 marina sun yi jerin gwano zuwa fada suna kukan cewa rinin da ake shigowa da shi zai kashe sana'ar da suka gada, sana'ar da karofin Ƙofar Mata ke shaidar ta fi shekara ɗari biyar. Bayan shekara huɗu, a 2019, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan China, aka ɗaura masa rawani kamar kowane mai sarauta. Duk waɗannan abubuwa sun faru a cikin shekara bakwai, a gari ɗaya, kuma wanda zai rubuta tarihin Kano nan da shekara hamsin zai buƙaci ya ji bakin kowane ɓangare.

A nan nake so in ja hankalinku da babbar murya. Abin da nake roƙo ba baje kolin zumunci ba ne, irin wanda ake shiryawa idan jakada zai zo, a jera hotunan musabaha da yankan kyalle, a yi rawar ƙoroso a watse. Idan ofishin jakadanci ko wani kamfani ya ɗauki nauyin aikin gaba ɗayansa, to labarin da zai fito na mai kuɗin ne, domin wanda ya biya makaɗi shi ake yi wa kiɗa. Haka kuma idan aka bar shi a hannun masu jin haushi kaɗai, zai zama tarin ƙorafi. Tarihin da ya cancanci ajiya shi ne wanda zai ƙunshi dattijon da ya gina gida ya aurar da 'ya'ya ya je Makka da albashin masaƙa, ya kuma ƙunshi wanda inji ya cinye masa yatsu, da wanda aka sallama ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa, da ɗan ƙungiyar ƙwadago da ya jagoranci yajin aiki, da marinin da ya rufe karofinsa, da dillalin Kwari da ya yi arziki ta hanyar ubangidansa Basine, da kuma shi Basinen da ya baro iyalinsa ya zo garin da bai san harshensa ba, ya koyi Hausar kasuwa kafin ya iya Turanci. Akwai kuma waɗanda suka musulunta, da waɗanda suka yi aure a nan suka haihu, 'ya'yansu suna tashi da Hausa a baki. Hukuma irin taku, wadda ba ta sayar da yadi ba ta kuma sayen sa, ita ce za ta iya zaunar da waɗannan mutane duka ta saurare su.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan aiki, kuma abin da ya same su ya isa darasi. A Amurka, inda Sinawa suka yi aikin haƙar zinariya da shimfiɗa titin jirgin ƙasan da ya haɗa gabas da yamma a 1869, majalisa ta kafa doka a 1882 ta hana leburorin Sin shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. A tsakanin 1910 da 1940 ana tsare masu shigowa a tsibirin Angel da ke gaɓar San Francisco, wani ya yi makonni, wani watanni, ana yi musu tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Cikin wannan zaman jira suka riƙa sassaƙa waƙoƙi da rubutun Sin a jikin katakon bangon ɗakunan kwanansu. Hukuma ta sha shafe su da fenti, daga baya aka yi watsi da ginin, har aka yanke shawarar rushe shi. A 1970 wani ma'aikacin gandun wurin mai suna Alexander Weiss ya lura da rubutun, ya sanar da malaman jami'a, al'ummar Sinawa suka tashi tsaye, aka fasa rushewar. Yau an gano waƙoƙi sama da 200 a wannan bango. Da mutum ɗaya bai ɗaga fitila ya duba ba, da katakon ya tafi juji.

Misali na biyu ya fi kusa da abin da nake nema a gare ku. A birnin New York, a 1980, wasu mutum biyu, John Kuo Wei Tchen da Charles Lai, suka lura cewa tsofaffin unguwar Sinawa suna mutuwa, shagunansu ana rufewa, kayansu kuma ana zubarwa a bola. Sai suka shiga tsince su: allunan shaguna, wasiƙu, hotuna, takardun shige da fice, har da dutsen guga, domin wanki da guga ita ce sana'ar da wariya ta bar wa yawancin Sinawan wancan zamani. Suka kuma bi tsofaffin da na'urar ɗaukar magana. Wannan tsince-tsince shi ya girma ya zama gidan tarihin Sinawan Amurka na birnin. Sai a watan Janairun 2020 gobara ta tashi a ginin da suke ajiya a titin Mulberry, inda kaya kusan 85,000 suke. Allah ya sa an ceto mafi yawansu, ko da yake ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa su, kuma wani ɓangare an riga an ɗauki hotonsa an adana a kwamfuta. Mu da muka ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016, muka kuma san yadda gara da ɗigar damina ke cin takarda a ofisoshinmu, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan muhimmancin ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya ba.

Abin lura a misalan nan biyu shi ne babu wanda ya fara da katafaren gini ko kasafin biliyoyi. Saboda haka ina roƙon ku fara da abin da ya fi saurin ɓacewa, wato bakin mutane. A samu ɗalibai masu karatun tarihi daga Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, a koya musu yadda ake hira da dattijo ba tare da an sa masa magana a baki ba, a ba su na'ura, su bi tsofaffin ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa gida-gida. Gidan Arewa, wanda yake da gogewa a irin wannan aiki tun kafa shi a 1970, zai iya ɗaukar ɓangaren Kakuri, tunda tarihin masana'antun Kano da na Kaduna igiya ɗaya ce. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu tana da rajistar mambobinta da takardun sasantawa da na yajin aiki, kuma ta san inda tsofaffinta suke zama. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin gwamnatin Jihar Arewa, inda ya dace a nemi wasiƙun neman fili da izinin kafa masana'anta na wancan zamani. Kowace hira a yi ta da yardar mai magana, wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya, domin wasu har yanzu 'ya'yansu suna cin abinci a waɗannan kamfanoni.

Bayan baki sai kaya. Katin shaidar ma'aikaci, takardar albashi, hoton bikin ba da lambar daɗewa a aiki, littafin samfurin zanen atamfa, tambarin da ake mannawa a turmi, kalandar kamfani, kwanon jere, har da silifa da butar roba na farko-farko, duk shaida ne. Na san wani zai yi dariya ya ce yaushe buta ta zama kayan tarihi, amma ƙwarya da akushin da ke cikin gilashi a Gidan Makama su ma a zamaninsu kayan tsakar gida ne da ba wanda ya ɗauka da daraja. Yadda langa ta kori ƙwarya daga ɗakin amarya, sannan roba da tangaran suka kori langa, babi ne guda a tarihin matan Hausa da dukiyarsu, domin jere ajiya ce da mace take iya sayarwa idan ta shiga matsi. A halin yanzu babban mai tattara waɗannan kaya a Kano shi ne ɗan gwangwan, kuma shi narkarwa ake yi da abin da ya tara.

Ga al'ummar Sinawan Kano kuma, ta hannun Wakilinsu, ina da magana da nake fatan za ku isar. An san ku da kame kai da zama cikin harabar kamfani, kuma mai yiwuwa kuna ganin fito da tsofaffin takardu da hotuna zai jawo muku surutu. Amma rabin wannan labari yana cikin akwatunanku, a Kano da Legas da Hong Kong, cikin harshen da mu ba ma karantawa: wasiƙun da iyayenku suka aika gida suna bayanin zafin bazara da hazon hunturu, littattafan lissafi, hotunan ranar da aka kunna injin farko. Ba lallai ku rabu da na asali ba, kwafi ya wadatar. Masu fassara ma ba za su yi wuya ba, tunda gidan rediyon ƙasar Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, ana koyar da Hausa a jami'a a Beijing, kuma ga 'ya'yanmu da suka yi karatu a can sun dawo da Sinanci, ban da fataken da suka mai da Guangzhou da Yiwu kamar Kwari. Waɗannan fatake ma a ji nasu bakin, domin su ne baƙi a can, sun san yadda zaman baƙunta yake daga ɗaya gefen. Duk abin da aka tara a rubuta bayaninsa da Hausa da Sinanci da Turanci, Hausa a gaba, a kuma ɗora hirarrakin a intanet da gidajen rediyo, saboda jikan ma'aikacin masaƙa ya ji muryar kakansa ba sai ya nemi izinin shiga laburaren jami'a ba.

Zan so in amsa wata tambaya da na san za ta taso, wato me ya sa za a kashe kuɗin jiha a kan tarihin baƙi alhali ganuwar Kano tana zubewa, kududdufai da tsofaffin gidaje ana cinye su, namu na gado ma bai samu kulawa ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma ina cikin masu takaicin halin da ganuwar take ciki. Sai dai mafi yawan muryoyin da za a ɗauka a wannan aiki na Kanawa ne da Zazzagawa da sauran 'yan Arewa, kuma abin da za su faɗa shi ne yadda masana'antu suka tashi a ƙasar nan da yadda suka faɗi, wanda duk mai son a farfaɗo da su yake buƙatar ya sani. Kuɗin da aikin zai ci a shekararsa ta farko kuwa na na'urorin ɗaukar magana ne da kuɗin motar ɗalibai da ɗaki ɗaya mara ɗiga. Ko da Sinawan za su taimaka da wani abu, kuma ya dace su taimaka, sharaɗin shi ne ajiyar ta zauna a hannunku, kuma kada mai ba da gudummawa ya zaɓi wanda za a yi hira da shi ko abin da za a cire.

Mu Hausawa kuma bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Muna da zango a Kumasi da Accra, muna da 'yan'uwa a Mai Wurno ta Sudan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma muna jin daɗi idan muka ji wata jami'a a can ta adana takardun malamanmu da sarakunan zangonmu, muna jin zafi idan aka ce an rushe unguwarsu ba a bar ko alama ba.

Ranku ya daɗe, kawun nan nawa da ya juya gindin langa yana nan da ransa, hankalinsa garau, daga baya ma ya ce ya tuna da mutum biyu ko uku a unguwarsu da suka yi aiki da Sinawan farko, ɗaya ma har yanzu yana iya ƙirga ɗaya zuwa goma da harshensu. Daga jeren mahaifiyarmu na karɓe langa biyu da fanteka ɗaya kafin su hau sikeli, suna nan a ajiye a wurina. Ranar da kuka buɗe rajistar karɓar kaya zan kawo su da kaina, in kuma raka duk ɗalibin da kuka turo zuwa zauren kawu, wanda an fi samun sa tsakanin la'asar da magariba.

Wassalam.

Naku,
Wani Bakano mai bibiyar tarihin garinsu